Takardun hannun jarin Kawu da dillalin da muka damƙa wa

Duk wanda ya yi aikin albashi a ƙasar nan daga zamanin Babangida zuwa na Obasanjo, da wuya ka buɗe akwatinsa ba ka tarar da takardar hannun jari ko da guda ɗaya ba. Malaman firamare, malaman gona, ma'aikatan ƙaramar hukuma, har da 'yan kasuwar hatsin da manajan banki ya lallaɓa. Wasu sun saya tun lokacin da kwamitin Dakta Hamza Zayyad da aka kafa a 1988 ya fara sayar da kamfanonin gwamnati, amma mafi yawa na tsakanin 2004 da 2007 ne, bayan Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 ko ya rufe. Bankuna 89 suka koma 25, kuma kafin a kai ga haka sai da ma'aikatansu suka bi mutane har zaure da fom da biro. Da kasuwa ta faɗi a 2008 kowa ya mayar da tasa ƙasan akwati, aka ce Allah ya mayar da alheri.

Kawuna yana cikinsu. Malamin gona ne tun muna jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991, kuma da ya yi ritaya ya dawo gida nan ƙasar Taura ya kama noman rani a fadama. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 injin ban-ruwa yake cinye masa ribar shinkafa, shi ya sa ya ƙudura sai ya sa famfo mai sola kamar yadda maƙwabtan gonarsa suka yi. Ba ya son sayar da sa, ba ya son bashi. Sai ya aiko a kira ni, tunda ni ne mai shagon kwamfuta da fotokwafi a gidanmu, duk wata takarda mai turanci kaina take ƙarewa.

Ya zazzage wata tsohuwar jakar taron bita a kan tabarma. Akwai takardar bankin Zenith, akwai ta Dangote Sugar da ya saya naira 18 kowane hannu a ƙarshen 2006, akwai ta simintin Sakkwato, akwai ta Jaiz ta tun 2003 lokacin da ake yawon tara kuɗin kafa bankin da ba ruwansa da kuɗin ruwa, sai kuma wata ta wani banki da tuni aka shafe sunansa daga bango. Takardun masu kauri ne, da ado a gefe da hatimi a ƙasa, gara ta ɗan ci kusurwar guda ɗaya. Ya ce, "Ɗan nan, duba mini ko waɗannan suna da sauran rai."

Abin da ya kamata mai irin wannan takarda ya fara sani shi ne, yau ba a ciniki da ita a kasuwar hannun jari. Kasuwar da aka kafa a Legas a 1960, wadda ta koma NGX a 2021, lambobi take sayarwa daga asusu zuwa asusu. Ma'ajiyar lambobin ita ce CSCS, wadda ta fara aiki a 1997. Kafin hannun jarinka ya sayu sai an buɗe maka asusu a can, an ba ka lambar da ake kira CHN, sannan rijistaran kamfanin, wato ofishin da ke riƙe da littafin sunayen masu hannun jari, ya tabbatar kai ne mai takardar, ya zuba adadin a asusunka. Kai kuma ba ka da ƙofar shiga kasuwar sai ta hannun kamfanin dillanci mai lasisi. Sayarwar kanta ba ta kai shan shayi daɗewa ba. Duk wahalar tana tsakanin takardar da ke hannunka da littafin rijistara, kuma yawancin rijistarorin nan manyan ofisoshinsu a Legas suke. Don haka ni a wurina zaɓen dillali zaɓen wanda zai yi maka zirga-zirgar nan ne, ya ɗaga waya idan ka kira, ya gaya maka gaskiyar inda takardarka ta maƙale.

Na farkon da ya zo mana ba mu muka neme shi ba. Kawu ya yi zancen a majalisa bayan la'asar, ran Lahadi sai ga wani mutum ya biyo shi daga kasuwar Gujungu, da shadda mai maiƙo da jakar hannu. Ya durƙusa ya gaishe shi, ranka ya daɗe sama, ranka ya daɗe ƙasa, ya ce shi wakilin wani kamfani ne a birni, kuma don ya hutar da dattijo zai biya naira dubu 150 nan take a kan duka takardun. Abin da kawai yake so shi ne Kawu ya sa hannu a wasu fom-fom. Na karɓa na duba: fom ɗin miƙa mallaka ne, wurin sunan mai saye babu komai, wurin adadi babu komai, wurin farashi ma fayau. Kawu bai iya lissafin kasuwar Legas ba, amma ya shekara yana kai dabba Gujungu. Ya ce masa, "Malam, ni dillalin da na sani shi ne wanda zai riƙe igiyar sana, ya nemo mai saye, a yi ciniki a gabana, ya ɗauki la'adarsa. Wanda ya ce shi zai saya da kansa, ai ya tashi daga dillali." Mutumin ya ƙara dubu 30, Kawu ya ce a gai da gida. Ruwa dai ba ya tsami banza, wanda ya hau babur ya biyo ka ƙauye da kuɗi a jaka ya riga ya san abin da ke cikin takardarka.

Kuma akwai abin da ya sani wanda mu a lokacin ba mu lissafa ba. Adadin da ke rubuce a fuskar takarda sau da yawa ba shi ne adadin da kake da shi ba. Kamfanoni, musamman bankuna, sun yi ta raba ƙarin hannun jari kyauta a shekarun nan, ɗaya a kan kowane huɗu ko biyar, takardun ƙarin kuma aka aika ta gidan waya. Adireshin Kawu a wancan lokaci akwatin gidan waya na sashen gona ne na wata ƙaramar hukuma da ya bari tun tuni. Can takardun ƙarin suka tafi, can kuma cakin ribar shekara-shekara ya yi ta zuwa yana mutuwa, tunda caki ba ya wuce wata shida. Wanda ya sa hannu a farin fom ya bayar da wannan duka bai sani ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai kamfanonin da suka taƙaita adadin hannun jarinsu, mai goma ya koma mai ɗaya, akwai waɗanda suka narke cikin wasu. Simintin Sakkwato ya shiga cikin BUA Cement. Oceanic ya shiga Ecobank, Intercontinental da Diamond suka shiga Access, FinBank ya shiga FCMB, masu hannun jarinsu aka musanya musu da na sabon gida. Amma Afribank da Spring Bank da Bank PHB, waɗanda aka karɓe lasisinsu a 2011, masu takardunsu sai dai haƙuri. Takardar Kawu ta biyar ta ɗaya daga cikin ukun nan ce, ya ce in bar masa ita ya ajiye don tarihi.

Na biyu shi ne waya. Yaran da ke zama a shagona suna sayen hannun jari ta manhaja, dubu biyu dubu uku, kuma ban ga laifinsu ba, domin manhajojin kirki duk akwai dillali mai lasisi a bayansu. Ga mai sayen sabo babu abin da ya fi su sauƙi. Ga dattijon da sunansa a takarda daban, a BVN daban, hannunsa kuma yana rawa, ban ga yadda za a yi da akwatin saƙo da ke amsa maka da turancin da aka riga aka tsara ba. Na rubuta wa ɗaya daga cikinsu, amsar da ta zo ita ce in tuntuɓi rijistara. To ai da na san hanyar rijistara da ban zo wurinku ba.

Saura kamfanonin dillanci masu ofis. Kafin mu kashe kuɗin mota na zauna a shago na buɗe shafin hukumar SEC, wadda ke sa ido a kan harkar, inda take da jerin kamfanonin da ta yi wa rajista da irin aikin da ta yarda kowanne ya yi. NGX ma tana da nata jerin, har da nuna wanda ke aiki da wanda ya daina. Wannan dubawar ba ta cin komai sai data, kuma ita ce ta fara tace mana. Wani abokin Kawu ya ba mu katin kamfanin da ya saya musu a 2007, ya rantse mutanen kirki ne, ɗan garinsu ne ma manajan. Na nemi sunan na rasa a cikin masu aiki. Ba abin mamaki ba ne: bayan faɗuwar 2008 kamfanonin dillanci da yawa sun durƙushe, sannan a 2013 SEC ta sanar da ɗaga jarin da ake buƙata daga mai dillanci da saye da sayarwa daga naira miliyan 70 zuwa miliyan 300, wasu ba su iya tsallakewa ba. Wanda hannun jarinsa ya riga ya shiga CSCS ta hannun irin wannan kamfani bai yi asara ba, ana iya mayar da shi ƙarƙashin wani dillali, sai dai wata takardar ce kuma da wani jiran.

Na ware uku masu reshe a Kano, na kira su. Ɗaya ya ce sai an buɗe asusu da kuɗin da ya fi ƙarfin duka takardun Kawu a haɗe, muka yi sallama cikin mutunci, manya yake nema. Na biyu ya amsa da fara'a, amma da na tambayi inda kuɗin ciniki zai faɗa sai ya ce asusun kamfani tukuna, daga nan su tura mana. Da na ce ai akwai tsarin biya kai tsaye, sai ya ce wannan yana jawo jinkiri. Ban ce mutumin ɓarawo ba ne, Allah ya sani, amma tun 2016 aka fito da tsarin da CSCS ke tura kuɗin mai hannun jari kai tsaye zuwa asusunsa na banki, kuma an fito da shi ne saboda a baya an sha sayar da kayan mutane kuɗin ya kwana wata da watanni a hannun dillali. Wanda ya nuna ba ya son wannan tsari, ni na gama da shi.

Na ukun wata mata ce ta ɗauka, Bahaushiya, kuma ita ta fara yi mini tambayoyi kafin in yi mata. Mai takardun yana raye? Sunan da ke jikinsu ya yi daidai da na BVN da NIN? Zai iya tuna irin sa hannun da ya yi lokacin saye? Ta ce in ɗauki hoton kowace takarda in turo, kada mu taso sai ta bincika wane rijistara ne ke riƙe da kowane kamfani yanzu, domin kowanne da nasa: na Zenith Veritas ne, na UBA Africa Prudential, haka dai. Ta kuma faɗa mini tun a waya cewa ba za ta yi alkawarin rana ba, wani rijistaran yana gamawa cikin makonni, wani sai an yi ta bi. Wannan rashin alkawarin ne ya sa na ji hankalina ya kwanta da ita.

Muka yi sammako muka bi ta Ringim, muka sauka 'Yankaba, muka hau adaidaita. Ofishin ɗaki biyu ne a saman bene, takardar rajistarsu tana rataye a bango, na kwatanta sunan da wanda na gani a shafin SEC harafi da harafi, saboda masu damfara sun iya aron suna su canza kalma ɗaya. Ta kawo wa Kawu ruwa, ta ce, "Baba, sannu da hanya, sai kun yi haƙuri da mu, takardun da yawa." Da yawan kuwa. Fom ɗin buɗe asusu, fom ɗin mayar da takarda lamba na kowane kamfani daban, fom ɗin biyan riba ta banki shi ma na kowane rijistara daban, fom ɗin biya kai tsaye, hotunan fasfo, katin ɗan ƙasa, shaidar adireshi. A kan shaidar adireshin muka ɗan yi dariya, domin takardar kuɗin wuta suke so, mu kuwa rabon garinmu da wuta tun da iska ta kayar da turakun. Ta karɓi takarda daga ƙaramar hukuma a madadinta.

Sai maganar suna, wadda ita ce ciwon mutanenmu a wannan harka. Mutum ɗaya ne Muhammadu a takardar makaranta, Mohammed a wurin aiki, Mamman a gari. Wani Abubakar ne a nan, Garba a can. Wani ya sa sunan mahaifi a wata takarda, a wata ya sa sunan garinsu kamar yadda aka saba a makarantun kwana na da. Kawu yana da iri uku a takardu huɗu, ɗaya ma da Alhaji a manne kamar suna. Kwamfutar rijistara ba ta san duk shi ne ba. Maganinsa rantsuwar kotu cewa duk sunayen na mutum ɗaya ne, da wasiƙa daga bankinsa mai tabbatar da shi da sa hannunsa. Akwai kuma waɗanda da gangan suka yi ta jujjuya suna a lokacin rububin don su sami kaso da yawa, su ma SEC ta buɗe musu hanyar haɗe su wuri ɗaya idan sun kawo shaida.

Sa hannun kuwa na tsaya ina kallo. Ta ba shi farar takarda ta ce ya gwada kafin ya taɓa fom. Kawu ya gyara tabarau, ya kama biro kamar mai shirin yi wa akuya allura, ya ja wata doguwar wutsiya da yake yi a takardun ofis shekara talatin da suka wuce. Ta farko ta karkace, ta biyu ta fi, a ta uku ya ce, "Yauwa, ga ta nan, wannan ce ta zamanin aiki." Duk da haka rijistara ɗaya ya dawo da fom ɗin ya ce hannu bai yi daidai ba, sai da wasiƙar banki ta bi baya. Matar ce ta kira ni ta faɗa mini tun kafin in tambaya, kuma a nan na san ba mu yi zaɓen tumun dare ba.

Abu biyu na nace a kansu kafin mu bar ainihin takardun a hannunta. Na yi fotokwafin kowace gaba da baya, sannan ta rubuta mana shaidar karɓa a takardar kamfani mai hatimi, da lambar kowace takarda da adadin da ke jikinta. Wanda tasa ta ɓata ko gara ta cinye ba a rufe masa ƙofa ba, amma sai ya yi rantsuwar kotu ya cika fom ɗin ɗaukar alhaki, wani lokaci har da rahoton 'yan sanda, don haka gara a riƙe shaida.

La'ada ba ta cikin abin da ya raba mana gardama, kuma ina ganin masu yawo ofis ofis suna neman mai araha suna ɓata tafin ƙafarsu ne. Dillali ba ya wuce kashi 1.35 cikin 100 na kuɗin ciniki, sai 'yan kuɗaɗen NGX da CSCS da harajin gwamnati a kai, duka a haɗe ba su kai kashi 3 ba. A kan ƙaramin jari irin na Kawu bambancin wannan kamfani da wancan bai kai kuɗin motar zuwa Kano sau ɗaya ba. Abin tambaya shi ne ko akwai wani kuɗi na daban da suke karɓa don bin rijistara, a faɗa maka shi tun farko, a rubuta, kuma ka biya a asusun kamfani, ba na ma'aikaci ba komai kirkinsa.

Da hannun jarin suka fara sauka a asusu, saƙon CSCS ya shigo wayar Kawu, ya kawo mini in karanta. Na Zenith ya haura abin da ke jikin takarda nesa ba kusa ba saboda ƙarin da aka yi ta yi. Ribar da ta taru ta shekaru ita ma ta faɗo asusunsa na banki kashi kashi, bayan an cire harajin kashi 10, kuma ita kaɗai ta kusa kamo abin da mai shadda ya so ya biya a kan komai da komai. Dokar kuɗi ta 2020 ta ce ribar da ta shekara shida ba a karɓa ba a mayar da ita wani asusun amana na gwamnati, amma mai ita yana da damar nema, don haka kada wani ya ce maka ta ƙone.

Wajen sayarwa ma sai da ya sa hannu a takardar umarni, kuma matar ta nuna masa yana iya yanke farashin da ba ya so a sauka ƙasa da shi. Ya ce a sayar da na Zenith duka, dama ya daɗe zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba saboda maganar kuɗin ruwa, har ya tambayi limamin garinmu yadda zai yi da ribar. Na sukari ya ce a sayar da rabi. Na Jaiz ya ce ko kusa, wannan ba don riba ya saya ba, ya jira bankin daga 2003 har ya buɗe a 2012, zai iya ci gaba da jira. Bayan ciniki aka turo takardar da ke nuna adadi da farashi da abin da aka cire, 'yan kwanaki kaɗan kuɗin suka shigo asusunsa ba tare da sun bi ta hannun kowa ba. Na simintin ne har yanzu yake wurin rijistara, ana daidaita tsohon suna da sabon littafi. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, SEC tana da ofishin shiyya a Kano da ake kai ƙorafi, amma ba mu kai ga haka ba.

Tun da labari ya bazu, mutane suke zuwa shagona da nasu a cikin leda. Mafi wuya su ne na mamata. Maƙwabciyarmu ta kawo na mijinta da ya rasu, an riga an raba gado a kotun shari'a, gona da gida da dabbobi, babu wanda ya tuna da takardun sai da ake kwashe kayan ɗakinsa. Na kira matar nan ta Kano, ta ce rijistara ba zai taɓa su ba sai da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na babbar kotu, da shaidar rasuwa, da asusun banki da aka buɗe da sunan magada, kuma kotu tana karɓar wani kaso gwargwadon ƙimar dukiyar. Ta ba da shawarar a fara tambayar rijistara adadin da ke akwai kafin a kashe ko sisi, domin wani lokaci kuɗin bin takardar ya fi abin da za a samu. Mun aika an tambaya, abin da ke ciki ya isa a bi. Yanzu ana jiran babban ɗan ya dawo daga ci-rani a Fatakwal, su je Dutse shi da baffansa.